Kama da wane ba ta wane: birki da giyar tsofaffin motoci a hannun kayan gyaran kasuwa

Kawuna yana da Peugeot 504 doguwa, haɗin Kaduna, wadda ta girmi yawancin 'ya'yansa. Ba kullum yake hawanta ba, aikinta zuwa masallacin Juma'a da gona da biki idan ya taso. A cikin wata guda motar ta kawo masa matsala biyu. Idan ya tsaya a cunkoso ya ɗora ƙafa kan birki, sai ya ji fedar tana sulalewa ƙasa a hankali kamar ya taka laka. Giya ta biyu kuma ta fara gurnani duk lokacin da ya sauko mata daga ta uku.

Ina tsaye a garejin ranar da bakanikensa ya kwance mastan birkin, wato silindar da take tura mai zuwa tayoyi idan an taka feda, wanda bai cika wata biyu da sawa ba, sabo fil daga kwali. Ya zare fistin ɗin, ya goge cikin silindar da tsumma, ya miƙa wa kawu. "Alhaji, sa yatsanka ciki ka ji." Kawu ya sa. Wurin da ya kamata ya yi santsi kamar cikin kwalba, sai ga shi da kaushi, leɓen robar kuma ya riga ya cinye ta gefe guda. Bakaniken ya ce roba sai sabuwa, kuma ta kamfanin da aka sani. Da aka zo kan giya kuwa, ko kallon sababbin zobban da yaron shago ya kawo bai yi ba. Ya nemi a ba shi kwana uku ya samo tsohon giyabos da aka ciro daga wata motar, ya zaɓi zobba a ciki. Kawu ya ce, "To Malam, wannan wane irin hukunci ne? A birki ka ce sai sabo, a giya ka ce sai tsoho?"

Hukuncin daidai ne. Sai dai dalilinsa ya fi yadda aka faɗe shi a garejin zurfi, kuma duk mai riƙe da tsohuwar mota yana da buƙatar ya san shi.

Peugeot ta fito da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, aka daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, don haka 504 ɗin da ta fito daga masana'antar PAN da ke Kakuri a shekarun 1980 ta daɗe da shiga wannan sahu. Bambancinmu da Turawa shi ne, a can irin wannan mota ta sha'awa ce, a fito da ita ranar Lahadi a zaga gari a mayar da ita ɗaki. A nan har yanzu za ka ga akori-kurar 504 cike da buhunan hatsi a hanyar kasuwar ƙauye, ga mutane a saman kaya. Kayan gyaran da zai yi wa Bature shekara goma yana tafiyar kilomita dubu a shekara, a nan cikin damina ɗaya za a san gaskiyarsa.

Mai neman kayan irin wannan mota, a kasuwar Ƙofar Ruwa ne ko Fanteka ko Ladipo, abin da zai tarar kala-kala ne. Akwai ragowar na asali da ya kwana a shago tun zamanin da ake ƙera motar, ba a taɓa sa shi ba. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga motar da ta mutu. Akwai sabo daga kamfanonin da dama su ne suke yi wa masu ƙera motoci kaya, irin su ATE da Valeo da Sachs da Ferodo. Sai kuma mafi yawa, wanda wata masana'anta ta kwaikwaya, wani lokaci da sunanta, wani lokaci da sunan da ba nata ba. Mutane sukan tara duk wanda ba na asali ba su ce jabu ne, kuma wannan zalunci ne ga masu aikin kirki. Peugeot da kanta ba ita take ƙera birkinta da kulocinta ba, saye take yi daga irin waɗannan kamfanoni. Jabu shi ne wanda ya yi ƙarya a kan kwalinsa. Amma ko na kwaikwayon da bai yi ƙarya ba yana da rauni, kuma asalin raunin daga lissafin kuɗi ne.

Lokacin da mota take kan ƙira, ana yin kowane yanki nata dubbai a wata, da zanen injiniya a gaba, wanda ya faɗi girman, ya faɗi irin ƙarfen, ya faɗi taurin da ake so da iyakar kuskuren da za a yafe. Bayan shekara arba'in, mai son ya sake yin wannan yanki sau da yawa ba shi da zanen. Abin da yake da shi tsohon samfuri ne, wataƙila ma wanda ya riga ya cinye, sai ya auna shi ya kwafa. Ɗari biyar zai yi, ba dubu ɗari biyar ba, don haka ba zai kashe kuɗin gwaji ba. Girma da siffa ana iya kwafarsu da ma'auni. Haɗin robar, da zurfin taurin ƙarfen, da santsin cikin silinda, ido ba ya ganinsu, kuma a nan ake rage kuɗi. Ko tsohon suna a kan kwali ba ya nuna cewa masana'antar da ce. Girling, wadda birkinta yake kan motocin Ingila da yawa, ta kasance ƙarƙashin kamfanin Lucas, kamfanin TRW ya sayi Lucas a 1999, kamfanin ZF kuma ya sayi TRW a 2015. Wannan ba aibi ba ne, amma ya isa ya nuna cewa suna yana tafiya daga hannu zuwa hannu.

Doka ma ba ta tsaya wa tsohuwar mota yadda ta tsaya wa sabuwa ba. A Turai akwai ƙa'idar da ake kira R90, wadda ta ce fad ko lainin, wato abin da yake gogar faifai ko gangar birki ya tsayar da taya, da ake sayarwa a kasuwa dole ya yi aiki kusa da na asali, kada bambancin ya wuce kashi 15 cikin 100. Tilascinta ya hau kan motocin da suka fito daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau. Motar 1975 tana wajen wannan shinge. Wasu kamfanonin suna gwada kayansu duk da haka, su buga alamar a bayan fad ɗin, kuma idan na ga wannan alama hankalina ya fi kwanciya.

Yanzu mu shiga cikin birkin. Abin da yake tsayar da mota mai ne da ake turawa ta cikin bututu, kuma abin da yake hana man gudu 'yan robobi ne da ba su fi zobe girma ba. Idan ka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikin layin yakan ninka iskar taya sau talatin ko fiye. Roba kuwa tana tsufa ko ana amfani da ita ko ba a yi. Kit ɗin masta na asali da ya yi shekara talatin a kanta, cikin zafin shago, ya bushe ya yi tauri, ko da kwalinsa yana ɗauke da hoton zaki. A nan maganar da tsohuwar zuma ake magani ba ta aiki. Haka tiyon roba da ke zuwa kowace taya: yana iya yin kyau daga waje alhali cikinsa ya kumbura, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ka ji taya ɗaya tana riƙewa tana zafi. Tiyo mai kyau yana da rubutu a jikinsa, da lambar ƙa'idar da aka gwada shi a kai kamar SAE J1401, da lokacin da aka yi shi. Wanda ba shi da rubutu ko ɗaya, ni ba zan sa shi a motar da zan ɗauki iyalina ba.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci ga masu sayar da kaya. Robobi da yawa da ake zagi ana cewa jabu ne, a gareji aka kashe su. Robar birkin yawancin motoci an yi ta ne don man birki irin DOT 3 da DOT 4, kuma ba ta jituwa da duk abin da ya fito daga ɗanyen mai. Yaron gareji ya wanke fistin da fetur ko kananzir, kamar yadda yake wanke sauran ƙarafa, ya sa sabuwar roba a kai, cikin 'yan kwanaki ta kumbura ta yi laushi. Ko a zuba mai da mazurarin da aka zuba baƙin mai da shi. Da man birki mai tsabta ake wanke kayan birki, ko da sifirit. Akasin haka ma yana nan: tsofaffin Citroën daga tsakiyar shekarun 1960 suna amfani da koren mai da ake kira LHM, wanda idan aka zuba musu DOT robobinsu ne za su lalace.

Man DOT da kansa yana shan ruwa daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa, abin da ƙa'ida ta lamunce ya sauko zuwa 140 da 155. Mota mai kaya tana gangaro doguwar gangara, direba yana kan birki, zafi ya kai mai, ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. Ruwan nan kuma shi ne yake cin cikin silinda da tsatsa a motar da take yawan zama. Shi ya sa motar da ake ajiyewa ta fi wadda ake hawa kullum saurin lalacewar birki.

Sai fad da lainin, inda abin ya ɗan rikice. Na asali na wancan zamanin da asbesto aka yi su, abin da yake jure zafi, mai laushi, mai kamawa tun yana sanyi, amma ƙurarsa tana jawo cutar huhu da sankara. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005. Duk bakaniken da yake buɗe gangar birkin tsohuwar mota ya hure ƙurar da baki ko da iska, ina roƙonsa ya daina, ya jiƙa tsumma ya goge. Abubuwan da suka maye gurbin asbesto an tsara yawancinsu ne don motocin zamani masu tukunyar iska da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Idan ka sa lainin mai tauri a motar da ba ta da wannan tukunya, sai ka miƙe tsaye kan feda kafin ta tsaya, ga shi kuma yana cin gangar da ba ka da wata. A gefen fad da yawa akwai haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Na farko yana nuna ƙarfin kamu a sanyi, na biyu a zafi, kuma F ya fi E kamu, G ya fi F. Mutane ƙalilan ne suke duba su, alhali suna cikin 'yan abubuwan da mai saye zai iya karantawa da idonsa.

Birkin ganga yana da wani sirri da tsofaffin makanikai suka sani. Gangar da ta yi shekaru ta faɗaɗa, ko an taɓa feƙe cikinta. Sabon takalmin birki, wato ƙarfen da lainin yake manne a kai, an lanƙwasa shi ne daidai da sabuwar ganga, don haka idan ya shiga tsohuwa, tsakiyarsa kawai yake taɓawa. Mai mota ya ce lainin ba shi da kyau, alhali kashi kaɗan ne na fuskarsa yake aiki. A shafa alli a kan lainin, a mayar da ganga, a juya ta ana ɗan taka birki, a cire a duba inda allin ya goge. Nan za a ga gaskiya, a gyara fuskar har ta zauna. Ganga kuma tana da iyakar faɗin da aka yarda ta kai, sau da yawa a rubuce a jikinta.

Hatsarin da ya fi ba ni tsoro ƙarami ne ƙwarai. Motocin Faransa da Jamus da yawa suna amfani da noti mai zaren milimita a bututun birki, tsofaffin motocin Ingila da Amurka kuma mai zaren inci. Noti mai kashi uku cikin takwas na inci yana shiga ramin milimita 10, ya juya, har ka ji kamar ya ɗaure. Bai ɗaure ba, kuma ranar da aka taka birkin gaggawa zai iya fincikewa. Bakin bututun ma iri biyu ne, ba sa zama a mazaunin juna. Ga motar da take da layi biyu, idan ɗaya ya fashe ɗayan zai ɗan riƙe. Amurka ta tilasta layi biyu a ƙarshen shekarun 1960, kuma motoci da yawa da aka ƙera kafin nan layi ɗaya gare su. A irinsu, ɗigo ɗaya a ko'ina yana nufin tayoyi huɗu babu birki, sai na hannu.

Giya labarinta daban ne, domin ita kusan duk ƙarfe ce, kuma ƙarfe ba ya tsufa a ajiye idan tsatsa ba ta same shi ba. Haƙoran giya da shaf ana gasa su ne ta yadda fatarsu, kimanin milimita guda, za ta yi tauri sosai, cikin kuma ya zauna da ɗan sauƙi don kada ya karye. Wannan gashi aiki ne mai tsada da ke son tanda mai kyau da gwaji, kuma shi ne farkon abin da mai kwaikwayo yake yi wa ha'inci. Shaf ɗin da bai gasu ba yana sheƙi kamar na asali, amma boris yana fara birgima a kansa sai ya tona masa rami, garin ƙarfe ya shiga mai ya bi ko'ina. Tsohon gwajin makanikai shi ne a goga zarto mai ƙananan haƙora a wurin da ba ya aiki: a kan ƙarfen da ya gasu zamewa yake yi, a kan wanda bai gasu ba sai ya ci.

Zobban da bakaniken kawu ya ƙi su ne na sinkiro, 'yan zobban tagulla da aikinsu shi ne daidaita gudun giya kafin haƙora su haɗu. Kowane zobe ƙaramin birki ne. Cikinsa yana da gangare da ya dace da mazauninsa, da siraran layuka da ke yanke man da ke tsakani don ya kama. Idan gangaren ya kauce da ɗan kaɗan, ko layukan ba su da kaifi, ko tagullar ta yi laushi, sabon zobe zai yi gurnani fiye da tsohon da aka cire. Farashin zoben ba wani abu ba ne, wahalar kaiwa gare shi ce tsadar. A 504 akwai bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da aksil ɗin baya, shaf yana juyawa a cikinsa, don haka sauke giyabos ba aikin sa'a ɗaya ba ne. Wanda ya yi arahar zobe zai biya kuɗin aiki sau biyu.

A nan ma mai yana ɗaukar alhakin da ake ɗora wa kaya. Man giya mai lamba GL-5 an yi shi ne don aksil, yana ɗauke da sinadaran sulfa da fosfaras masu yawa, kuma a tsofaffin giyabos masu zobban tagulla yana iya rage kamun zoben ya kuma gaggauta cinyewarsa. GL-4 ya fi dacewa da yawancinsu. Giyabos ɗin 504 mai giya huɗu ma man inji Peugeot ta ce a zuba masa, abin da yake ba masu zuba mai mai kauri mamaki. Salun ɗin 404 kuwa aksil ɗinta na baya yana da babban gare na tagulla, wanda man da bai dace ba yake lalatawa. Masu giya mai sarrafa kanta su ma kada su ɗauka duk jan mai ɗaya ne: wasu tsofaffin giyabos an yi su don Type F na Ford, wasu don Dexron da General Motors ta fito da shi a 1967, kuma kamunsu ba ɗaya ba ne.

Idan aka duba da kyau, layin da bakaniken ya ja ba tsakanin birki da giya yake ba, tsakanin roba da ƙarfe yake. A cikin giyabos ma akwai abubuwan da dole su zama sababbi: robar da ke tare mai, da gasket, da faifan kuloci, da boris. Sa'ar da aka yi, boris da yawa girmansu na gama-gari ne, lambarsu tana jikinsu, ana samunsu daga SKF ko NSK ko Timken, sai dai su ma ana buga jabunsu, don haka wurin saye yana da muhimmanci. A cikin birki kuma akwai abubuwan da tsohonsu ya fi: gangar asali da ba ta wuce iyaka ba, da jikin masta, da maƙallin da ke matse faifai. A Turai da Amurka masu tsofaffin motoci sukan kai tsohon masta a huda shi a sa masa hannun riga na ƙarfen da ba ya tsatsa, a zuba sababbin robobi, kuma a ganina wannan ya fi sayen sabon da ba a san mahaifarsa ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga an jefa tsohon masta ko tsohon giyabos cikin kayan gwangwan don an sa sabo. Abin da aka sayar a kan kilo ba za a sake ƙera irinsa ba.

Abin da ya faru da motar kawu ke nan a ƙarshe. Allah ya sa tsohon mastan yana nan cikin buhu a bayan gida. Bakaniken ya duba cikinsa a hasken rana, ya ga tsatsa ba ta yi rami ba, ya goge shi, ya sa masa sabon kit, ya canza tiyo duka, ya zubar da tsohon mai har sai da mai haske ya fito ta kowace taya. Ranar da tsohon giyabos ya iso, ya baje zobbansa a kan kwali, yana ɗaukar kowanne ya ɗora a mazauninsa, ya danna da tafin hannu ya murɗa. Wanda ya zame ya ajiye gefe. Wanda ya kama ya ƙi juyawa, sai ya zura siririn ma'auni a ratar da ta rage tsakaninsa da haƙora, don zoben da ya zauna har ƙasa ya gama aiki. Biyu ya zaɓa.

Da yamma muka fita wata hanyar burji da babu kowa. Ya ɗan ba ta wuta, ya taka birki da ƙarfi, muka sauko muka koma baya muna duba sawun tayoyin a ƙasa. Layukan sun fara wuri ɗaya, sun tafi a miƙe, babu wanda ya ja gefe. Ya karɓi biro ya rubuta watan da shekarar a kan 'yar takarda, ya manna ta kusa da kofin man birki. "Alhaji, bayan shekara biyu a dawo da ita a canza man nan, ko an hau ta ko ba a hau ba."